Abin da ke kai mu bakin kwata da sassafe

Jama'a dan Allah in kun ga mutane sanye da rambut da safar hannu sun tsaya bakin babbar kwata da sassafe suna jefa guga kamar masu jan ruwa a rijiya, kar ku kore su, aikin lafiya ne, ƙwayar cutar shan inna ake nema a ruwan. Ni kaina sau nawa ana tare ni ana cewa me muke zubawa a ruwa. Wallahi ba zubawa muke ba, ɗiba muke.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar shan inna a hanji take zama, tana fita ta bahaya har tsawon makonni, kuma cikin mutum 200 da suka kamu wajen ɗaya ne kawai ke shanyewa, sauran suna yawonsu garau suna yaɗa ta ba su sani ba. To in muka ce sai mun ga yaro ya kasa taka ƙafa kafin mu motsa, ai an riga an makara, kuma ƙafar nan ba ta dawowa, wannan shi ke ci min rai.

Shi ya sa muke zuwa inda ƙazantar dubban gidaje ke haɗuwa, mu ɗebi kamar lita ɗaya, da safe don lokacin ne aka fi shiga bayi, a zuba a jarka a rufe gam, a rubuta wuri da rana, a sa cikin kula mai ƙanƙara sai ɗakin gwaji. Inda babu bututun ƙasa irin na manyan birane, lambatu da kwata su ne abin dogaronmu.

A 2013 Isra'ila ta gano ƙwayar a ruwan datti alhali ba yaron da ya shanye, aka fita riga-kafi. Landan ma haka a 2022. Gaza ma a ruwan datti aka fara gano ta a 2024, sai dai can an samu yaron da ya shanye. Lokacin korona an yi amfani da wannan dabara, ana kuma bin taifot da kwalara da ita.

Masu tsoron tonon asiri ku kwantar da hankali, gwajin ba ya nuna gidan wane ne, unguwa kawai yake nunawa. Roƙona shi ne a daina juye baƙin mai da ruwan rini a inda muke ɗiba don suna ɓata gwajin, kuma in sakamako ya fito aka zo ɗiga wa yara magani, a fito da kowa har jaririn da ke goye.