Don Allah a daina murza ido idan abu ya faɗa

Kusan kullum sai an kawo mana asibiti wanda ɗan haki ya faɗa wa ido, abin da hawaye kaɗai zai iya fitarwa, amma kafin ya iso ya mutsittsike idon ya yi jajir. Jama'a, murzar nan ce ke lalata ido. Tantanin da ke saman baƙin ido kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal. In ka murza alhali akwai yashi ko ɓurɓushin ƙarfe a ciki, da hannunka kake karce shi. Wurin ya kama ƙwayar cuta, ya warke da farin tabo mai tare gani. Da ma an ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mun sani akwai zafi, hannu da kansa yake tafiya. A daure. In yaro ne, a riƙe masa hannuwa. A yi ta ƙiftawa, a zuba ruwa mai tsabta, a ja fatar ido ta sama a sauko da ita kan ta ƙasa. Ban da tsinke, auduga ko bakin tsumma. In bai fita ba, sai asibiti a ranar, musamman ƙarfe, domin cikin 'yan awanni yake fara tsatsa.

In ruwan batir, siminti, sodar yin sabulu ko sinadarin wanke banɗaki ne ya shiga ido kuwa, ba a jiran mota, ba a jiran likita. A wanke nan take, minti 20 aƙalla, a duba agogo, don yawanci minti 2 ake yi a ce ya isa. A karkatar da kai, idon da ya ji ciwo ya koma ƙasa, ruwan ya gangaro daga gefen hanci zuwa waje don kada ya shafi ɗayan. A buɗe fatar idon da yatsu ko da mutum yana matsewa. Siminti da soda sun fi ruwan batir haɗari, suna ci gaba da cin ido zuwa ciki ko zafin ya lafa. Bayan wankewa a tafi asibiti da mazubin sinadarin. Kuma kada a murza!

Sauran a gurguje:

- Abu ya soke ido: kada a zare, kada a wanke, kada a danna. A kifa kofin takarda a kan idon a manne, a hana mutumin ci da sha ko za a yi tiyata.
- Duka ko bugun ƙwallo: tsumma mai sanyi minti 15, ba dannawa. In jini ya taru a baƙin ido ko ana gani biyu-biyu, a garzaya.
- Hasken walda: zafin kan taso bayan awa 6 zuwa 12. A rufe ido, a je a duba.

Kuma kada a ɗiga ragowar maganin idon wani. Wasunsu na ƙara rura gyambon da murza ta jawo.