Tankin man jirgin ruwa da murfinsa: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na daɗe ina gyaran injin jirgin ruwa a gefen dam ɗin Tiga, kuma daga Bagwai, Ringim har Hadeja ana kawo mini aiki. Duk shekara da bazara ta kama, tambayoyin nan ne dai ake ta yi mini a kan jan tankin nan na roba mai cin lita 12 ko 25. Bakina ya gaji. Ga su a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tambaya: Mene ne amfanin ɗan notin da ke tsakiyar murfin tanki?

Hancin tankin ne, ta nan yake numfashi. Ka murɗa shi hagu ya buɗe, ka murɗa dama ya rufe. Shi ke nan.

Tambaya: Me tanki zai yi da iska, ba mai ake zuba masa ba?

Inji yana zuƙar mai, dole wani abu ya cike gurbin da man ya bari. Kafa baki a gorar ruwa ta roba ka yi ta zuƙa ba ka saki ba, ka ga yadda za ta motse, ruwan ya daina zuwa. Haka tanki yake.

Tambaya: Injina yana tashi lafiya, in na yi tafiyar minti 10 ko 15 sai ya shaƙe ya mutu. Kafireta ce?

Kafin ka taɓa kafireta, duba notin. Sau nawa zan faɗa?

Bara wani yaro ya iso mini da la'asar, ya tuƙo jirgi da filafili tun daga tsakiyar ruwa, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ya riga ya sayi sabon fulogi, an kwance masa kafireta sau biyu a wani wuri, kuɗin kifin sati guda sun tafi. Ina leƙa jirgin na ga gefen tankin ya lotsa ciki, famfon hannun nan na baƙar roba da ke jikin tiyo kuma ya manne kamar an taka shi. Na ce masa, "Samari, kawo kunnenka nan." Na murɗa notin, muka ji iska ta yi fuuu ta shige, tankin ya miƙe a gabanmu. Na matsa famfon sau huɗu ya yi tauri, ja ɗaya inji ya tashi. Yaron ya ce, "Baba, dama wannan ne kawai?" Wannan ne kawai. Ya rufe notin ne da ya ɗauko tankin a babur daga gidan mai, wanda daidai ne, sai ya manta bai buɗe ba.

Idan kuwa notin a buɗe yake amma famfon yana mannewa, to ko dai ramin iskar ya toshe, ko ƴar ragar da ke bakin bututun cikin tanki ta cika da datti. Sassauta murfin gaba ɗaya ka gwada. In inji ya daidaita, laifin murfi ne.

Tambaya: Tankina ya kumbura ya yi tim kamar tulu. Fashewa zai yi?

Kwantar da hankalinka. Tankin da aka ƙera domin jirgi an yi shi ne ya jure kumburi, kuma yakan koma yadda yake in ya huce. Fetur ne ke tururi. Akwai sinadarai marasa nauyi a cikinsa da suke fara tafasa tun zafi bai kai maki 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafin Hadeja a inuwa ma yana wuce 40, balle jan tanki da ke kwance a rana tun hantsi. Tururin bai sami hanyar fita ba sai ya tura bangon tankin.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne yadda za ka sauke shi. Ka fara cire tiyo daga jikin inji. Ka kawar da fuskarka. Ka sassauta notin a hankali har hucin ya gama fita, sannan ka taɓa babban murfin. Wanda ya fizge murfi lokaci ɗaya, man na iya feso masa a ido. Kuma don Allah a kashe sigari. Ina ganin matuƙa da kara a baki suna sunkuyawa kan tanki, raina yana ɓaci.

Tambaya: Na sayi tanki ɗan waje, notinsa a buɗe amma yana kumbura. An cuce ni?

Ba lallai ba. Tun daga 2011 dokar Amurka ta hana irin waɗannan tankuna sakin tururin mai yadda suka ga dama. Murfinsu yana barin iska ta shiga da kanta, amma ba ya barin tururi ya fita sai matsin ya kai awo 5, da irin ma'aunin da mai faci yake auna taya da shi, inda tayar ƙaramar mota take shan wajen 30. Don haka kumburi ɗabi'arsu ce. Irinsu suna son wani ɗan bawul a jikin tiyo, tsakanin tanki da famfon hannu, wanda ba ya sakin mai sai inji ya zuƙa. In babu shi, cire tiyo duk lokacin da ka kashe inji.

Tambaya: To in na ajiye jirgi, a buɗe zan bar notin ko a rufe?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da inda ka ajiye, da tsawon lokaci, da irin tankinka. Kowane ɓangare akwai asararsa.

In ka bar shi a buɗe, tanki ba zai kumbura ba, amma mai yana zama tururi yana gudu ta ramin, kuma sashen da ke fara guduwa shi ne wanda ke sa inji ya tashi da wuri da safe. Da tsadar fetur ta yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi ninki 3 zuwa 4, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan jirgi kamar ruwa. Mai kurfoti ya zo dafa shayi, ko iska ta kwaso tartsatsi daga wurin masu bandar kifi, ka san sauran. Da damina kuma ruwan sama da raɓa suna bi ta ramin su shiga, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki daidai inda bututu yake zuƙa.

In ka rufe, ka tsira daga waɗannan, amma matsin sai ya nemi hanya, kuma hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce tiyo. Sai ya tura mai zuwa kafireta. Idan allurar da ke tare mai a ciki ta ɗan ci, ko ka ɗage injin sama ya karkace, sai ka dawo ka tarar da mai yana ɗiga, ya yi shuɗi-shuɗi a kan ruwan da mutane ke sha, dabbobi ke sha, kifinka ke ciki.

Ga yadda nake yi, kuma shi nake gaya wa yarana. Tsayuwar awa ɗaya ko biyu, misali ka sauke ƴan kasuwa kana jiran su dawo, bar notin a buɗe, ka yi wa tankin inuwa da buhun algarara jiƙaƙƙe, amma kada buhun ya rufe murfin. Kwana kuwa, cire tiyo, rufe notin, ka ɗauke tankin ka kai shi rumfa mai iska, nesa da wuta. Da safe ka buɗe kafin ka haɗa tiyo. Idan dole jirgi zai wuni a rana ba kowa kusa, nan ne ra'ayi yake rabuwa. Ni na fi son a cire tiyo a rufe notin, in tankin lafiyayye ne kuma ba a cike yake ba. In tsoho ne da robarsa ta kode ta fara tsattsagewa, ko na ƙarfe mai tsatsa a gindi, ba zan yarda ya sha wannan matsin ba, gara a ɗan sassauta notin, ko ma a fitar da shi daga jirgin. A kan babur ko a bayan mota babu wata muhawara, a rufe yake tafiya, a tsaye, in hanya ta yi nisa ka tsaya ka sauke masa huci.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan, shi ne kai tanki ɗakin kwana don tsoron ɓarayi. Na san ana satar mai. Amma ɗakin da iyalinka suke, ga fitila, ga maganin sauro na kunnawa, haba ɗan'uwa.

Tambaya: Ni jarka nake amfani da ita, na zura tiyo na toshe bakin da leda. Akwai matsala?

Akwai. Jarkar man gyaɗa ba don fetur aka yi ta ba, ba ta da hanci, kuma ba ta zama daram in igiyar ruwa ta bugi jirgi. In ledar ta kama sosai inji ya shaƙe, in ba ta kama ba mai ya fantsama a ƙafar fasinja. Ka iya sayen inji Yamaha mai doki 15 ko 40, ba za ka gagara sayen tankinsa ba.

Tambaya: In huda murfin da ƙusa in huta?

A'a. Ka huda ramin da ba za ka iya rufewa ba.

Tambaya: Har ina zan cika tanki?

Kada ka kai shi baki. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na maki 10. Man da aka zuba maka da sanyin asuba, lita 25, in zafinsa ya ƙaru da maki 20 zuwa azahar ya ƙara kusan rabin lita, kuma ta ramin notin zai fito. Yawancin tankuna suna da layi a jiki, tsaya a nan. In ba layi, bar kamar faɗin yatsu uku. Ka tuna da baƙin man da za ka haɗa, shi ma wuri yake ci: a haɗin 50 da 1, wato kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, rabin lita ne a lita 25. Kuma a sauke tanki ƙasa a zuba, kada a zuba a cikin jirgi.

Tambaya: Ramin iskar ya toshe, yaya zan yi?

Ƙurar hunturu ce ta haɗu da baƙin mai ta zama laka. Cire murfin, sassauta notin har ƙarshe, ka jiƙa shi a ɗan fetur mai tsabta, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka hura da famfon keke. Kada ka sa baki, kada ka tsokane shi da waya. Duba zoben robar da ke ƙarƙashin murfin, in ya bushe ya tsage, sayi sabon murfi, kuma ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu domin zaren bakin tankuna ba iri ɗaya ba ne.