Zafin Maris da masu ciwon da ba ya barin jiki

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta kankama, zafin rana a Kumasi kan haura digiri 30. A ɗakunan haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda rufin kwano ne babu silin, taga ɗaya, ga kurfoti na ci a bakin ƙofa, abin ya fi haka. Mai lafiya zai share gumi ya yi tsaki ya wuce. Mai sikila kuwa, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko wanda suga ya taɓa masa jijiyoyin ƙafa, kwana zai yi yana juyi. In ya nemi fanka ko ɗaki mai sanyi sai a ce ya cika raki. Jama'a, ba raki ba ne.

Mu ɗauki sikila, tunda a Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu, kuma a nan garin aka fara gwajin jarirai a 1995, a asibitin Komfo Anokye. Gumi yana ɗebe ruwan jiki, jini ya yi kauri, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ƙashi ya hau sara. Shi ya sa ba a jira ƙishirwa. A ajiye fiya wata kusa da shimfiɗa, a riƙa duba fitsari: in ya yi duhu, ruwan ya yi kaɗan.

Wanda Allah ya hore wa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, ya sa wa mara lafiyarsa, magani ce ba gayu ba. Sai dai a nan ne masu hali ke yin ɓarna. Sanyi mai yawa yana matse jijiyoyin jini, shi ma yana tayar da ciwon sikila. Yaro ya shigo jiƙe da gumi, a tsayar da shi gaban esi, ko a kwara masa ruwan firij, da dare sai asibiti. A bar ta wajen digiri 25 ko 26, kada iskar ta bugi jikinsa kai tsaye, a ajiye mayafi kusa.

Yawancinmu dai kuɗin mitar ECG, kamfanin wutar lantarki, ma da ƙyar, ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta. To, a fitar da kurfoti tsakar gida, a rataya labule mai kauri ta inda rana ke bugawa, a buɗe taga da ƙofa in rana ta faɗi. A goge jiki da tsumma mai ɗan danshi, a sa tufafin auduga. Zuwa kasuwar Kejetia a yi shi da sassafe.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci suna cin ƙoda, Tramadol kuma kama mutum yake yi. Mai shan maganin hawan jini da ke sa fitsari ya tambayi likitansa yadda zai yi da zafin gari, haka mai sikilar da ke son ɗaukar azumi.

In aka ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da numfashi sama-sama, ko ruɗewa, ko gefen jiki ya saki, a ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS a nufi asibiti a lokacin, kada a ce sai gari ya waye.