Mece ce "ekosistem", kuma me ke faruwa in mutum zai bar Android ya koma iPhone

Tun da aka fara kai riɗi da zoɓo kasuwa bana kusan kullum sai wani ya shigo shagona na caji da sabuwar waya a hannu, ya ce a juye masa kayansa daga tsohuwar. In daga itel ne zuwa Tecno, ko Infinix zuwa Samsung, kafin ya gama shan ruwan leda na gama masa. To ranar Juma'ar da ta wuce sai ga ɗan baffana da ke saro dabbobi a Maigatari duk Alhamis, ya shigo da iPhone ta hannu da ya yanko a Farm Centre a Kano, ya ajiye min ita tare da Tecno ɗinsa ya ce "Yaya, tura min komai ta Bluetooth, zan je masallaci in dawo." Na ce masa ƙanina wannan aikin ya wuce a je masallaci a dawo, ekosistem ka canja. Ya ce me kenan kuma? Wallahi ba shi kaɗai ba ne, kalmar tana yawo sosai a bakin samarin da ke bin bayanan waya a TikTok da YouTube, amma da ka ce a fassara maka sai a fara kame-kame, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na fahimce ta da kuma abin da nake gani da idona a shago.

Asalin kalmar ba ta waya ba ce ma. Ta masana tsirrai da halittu ce, wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Tansley ya fito da ita a rubuce a 1935, yana nufin wuri guda da duk abin da ke cikinsa ya dogara da juna. Ka ɗauki dausayin Haɗeja zuwa Nguru, ruwa ya zo, ciyawa ta fito, kifi ya samu wurin ƙwai, tsuntsaye su sauka, makiyayi ya kawo shanu, shanun su bar taki, mai noman rani ya amfana. Kifin nan in ka ɗauke shi ka kai shi tudu lafiyayye ne amma ba zai rayu ba, don rayuwarsa a ɗaure take da wurin. Masu harkar fasaha sai suka ari kalmar, in sun ce ekosistem ɗin waya suna nufin wayar da duk abin da ke kewaye da ita wanda aka ƙera su yi aiki tare: manhajar da ke tafiyar da ita, akawun ɗin da ka buɗe ta da shi, kantin da kake sauke aflikeshin, rumbun da hotunanka da lambobinka ke kwana a intanet, hanyar tura abu, har caja da agogo da abin kunne.

Manyan gidajen biyu ne. Akwai gidan Apple, su suka fito da iPhone a 2007, manhajarsu iOS ce, kantinsu App Store, rumbunsu iCloud, kuma ba wani kamfani da suke ba wa manhajar ya sa a wayarsa. Akwai kuma gidan Google mai Android, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, kantinsa Play Store, mabuɗinsa Gmail. Abin da mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba shi ne Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, kuma su da Samsung ta Koriya da Redmi da Oppo duk haya suke a gidan Google. Don haka wanda ya bar Tecno ya koma Samsung ɗaki kawai ya canja a cikin gida ɗaya, mabuɗinsa na nan yana aiki. Wanda ya koma iPhone kuwa ƙaura ya yi zuwa wani gari, dole a yi maganar abin da zai shiga mota da abin da za a bari. (Mai sayen Huawei ma ya buɗe ido, sababbin samfuran da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store.)

Kuma kamfanonin da gangan suke gina katangar nan da tsayi. Waya sau ɗaya ake sayenta a shekaru, amma kanti kullum ci yake, duk aflikeshin ɗin da ake saye da kuɗi ko wani ƙari na aflikeshin da aka biya a cikinsa mai kantin na da kasonsa, yawanci 15 zuwa 30 cikin ɗari. Kyautar wurin ajiya ma ƙaramar ƙugiya ce, Apple na ba ka 5GB, Google na ba ka 15GB, ya cika a ce ka biya wata-wata, kai kuma hotunan sunan 'ya'yanka na ciki ba za ka iya tafiya ka bar su ba. Abin da ka saya a Play Store ba ya binka App Store, sai ka sake biya. Agogon Apple ba ya yi sai da iPhone. Ni ban ga laifin ɗan kasuwa don ya riƙe kwastomansa ba, kowa na yi, abin da ke damuna a ce mutum ya sayar da buhunan riɗinsa ya shiga bai san sharaɗin gidan ba.

Bari in fara da lambobi don su ne ran ɗan kasuwa. In lambobinka a Gmail suke ajiye ka huta, za ka sa wannan Gmail ɗin a iPhone ka kunna wurin lambobi sai ka ga sun sauko da kansu, don Google ya bar kayansa suna aiki a gidan Apple, Gmail da YouTube da Google Photos da taswira duk akwai su can. Matsalar ita ce a ƙauyukanmu mutum goma ka tambaya da ƙyar biyu su san faswod ɗinsu. Ranar da aka sayi wayar wani yaro a kasuwa ya buɗe imel ɗin cikin sauri, ya sa abin da ya ga dama, aka biya shi aka rabu. Ɗan baffan nawa haka nasa yake, shekara huɗu yana amfani da akawun ɗin bai taɓa sanin sunansa ba ma. Allah ya taimaka layin da aka ɗaura a kai yana hannunsa, da shi muka nemi sabon faswod aka turo lamba, ba don haka ba da sai dai mu zauna mu kwafe lambobin dillalai da direbobi ɗaya bayan ɗaya.

Sai WhatsApp, kuma nan ne nake ganin hawaye. Mutanenmu yanzu littafin bashinsu a saƙon murya yake, "Alhaji na karɓi raguna shida, saura kaza sai kasuwa mai zuwa", ga hoton rasit ɗin tiransifa, ga karatun malamai da ake turowa a guruf. A Android ajiyar WhatsApp Google Drive take tafiya, a iPhone kuma iCloud, kuma rumbunan biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa. In ka sa layinka a iPhone ka buɗe WhatsApp kai tsaye, guruf-guruf ɗinka za su dawo amma fayau, tsohuwar hira babu. Hanyar da aka tanada tun 2022 ita ce wani aflikeshin na Apple mai suna Move to iOS da ake saukewa a wayar Android ɗin, sharaɗinsa iPhone ɗin ta zama sabuwa fil ko a goge ta ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali, lambar layi ta zama ɗaya, wayoyin biyu su kwanta kusa da juna a jikin caji, iPhone ta nuna wasu lambobi ka shigar a tsohuwar, sannan ka zaɓi abin da za a kwasa. Yana iya ɗaukar awanni in kayan da yawa, kuma in abu ya katse a tsakiya sai a sake daga farko, shi ya sa ni ba na farawa sai batirin sola ya cika. Wanda ya riga ya yi kwana uku yana amfani da iPhone ɗin kafin ya zo, dole a goge abin da ya tara a kwana ukun. Masu GBWhatsApp da ire-irenta kuma ku sani wannan hanyar ta WhatsApp na asali ce, kuma fayil ɗin APK, wato aflikeshin ɗin Android da ake tura muku, ba ya hawa iPhone sam.

Abin da ya fi shafar mu nan karkara kuma ba ka jin masu bidiyon birni suna faɗa, shi ne turi. Mu rayuwar wayarmu rabi ba da data ake yinta ba, ka je wurin mai turi a cika maka memori da wa'azi da karatun Alƙur'ani da fina-finai, ka zo majalisa wani ya ce turo min ta Bluetooth ko Xender. iPhone ba ta da ramin memori, girman da ka saye ta da shi da shi za ka zauna. Bluetooth ɗinta na haɗa sifika da abin kunne ne, ba ya tura fayil zuwa Tecno, abin turinta AirDrop ne kuma an yi shi ne don 'yan gidansu. Xender akwai shi amma sai an yi ta haɗa-haɗa, kuma abin da aka turo sau da yawa a cikin aflikeshin ɗin yake maƙalewa. Ba ta da rediyon FM irin wanda kake soka iyafis ka ji labarai a gona ba ko sisi, in kana son rediyo sai da data, ramin iyafis ɗin ma sun cire shi tun iPhone 7 a 2016. Dattijon da ya saba jin labaran safe a wayarsa wannan ba ƙaramin rashi ba ne gare shi.

Caja ma magana ce. Daga iPhone 14 zuwa ƙasa bakin cajarsu daban ne, Lightning ake ce masa, sai daga iPhone 15 ta 2023 suka koma USB-C irin na sababbin Android bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar caja iri ɗaya. In ka je ƙauyen da ba mai irin wayarka ka manta igiyarka, ka shiga uku. Ga batir, ta hannu ce yawanci ake kawo mana, ka shiga saitin ka duba lafiyar batirin, in ya yi ƙasa da 80 cikin ɗari su kansu Apple sun ce ya gaji, kai kuma ka fito daga Tecno mai 5000mAh da ke kai ka kwana biyu.

Layi kuma, yawancinmu biyu muke riƙewa saboda sabis, wani ya fi kamawa a gida wani a gona. Yawancin iPhone ramin layi ɗaya gare su, na biyun eSIM ne, wato layin da ba kati, sai kamfanin layin ya ɗora maka. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ma ba su da ramin gaba ɗaya. Ka juya wayar ka duba gefenta kafin ka miƙa kuɗi.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne haɗari, don Allah a karanta nan da kyau. iPhone tana ɗaure kanta da akawun ɗin mai ita, in ba a cire iCloud ɗin tsohon mai ita ba, ranar da aka goge ta za ta tsaya cak tana neman faswod ɗinsa, tun 2013 Apple suka sa wannan kullen saboda ɓarayi, kuma ba irin wanda ake kai wa mai gyara ya yi filashin ba ne. Na taɓa ganin wani bawan Allah daga ƙauyen gabas da mu da ya sayar da tinkiya biyu ya sayi irin wannan a hannun wani a tasha, wayar na aiki lafiya lau har ranar da yaro ya yi ta danna lambobin kulle ba daidai ba, da aka goge ta shikenan, mai sayarwa kuma ko sama ko ƙasa. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake. Kada ka biya sai an goge wayar a gabanka, ta tashi, ka sa naka akawun ɗin da hannunka ta karɓa. Kuma kada ka yarda mai shago ya sa maka nasa wai don ya sauke maka aflikeshin, duk wanda akawun ɗinsa ke kai zai iya ganin inda wayar take, ya kulle ta ko ya goge ta daga inda yake zaune. Android ma na da irin wannan kullen na Gmail, don haka ka'idar ɗaya ce ko ta ina ka bi.

Ba hana kowa nake ba. iPhone waya ce mai kyau, kyamararta ga mai ɗaukar bidiyon dabbobi ko hula yana tallatawa a intanet ba a magana, tana shekaru ana sabunta mata manhaja, kuma in ka tashi sayarwa ba ta faɗuwa warwas. Mai dawowa daga iPhone zuwa Android shi ma akwai tasa hanyar, da igiya ake haɗa wayoyin biyu, Samsung na da aflikeshin ɗin kwashe kaya mai suna Smart Switch, sai dai ya tuna ya kashe iMessage, wato hanyar saƙon Apple tsakanin masu iPhone, kafin ya cire layi, in ba haka ba saƙon da masu iPhone ke turo masa zai riƙa ɓata a hanya. Aflikeshin ɗin banki irin su OPay da Moniepoint suna ko'ina, kuɗinka ba a cikin waya suke ba, za ka sake shiga ne kawai da lambarka da faswod, don haka layin ya kasance a kusa saboda lambar da za su turo.

Na ɗan baffana sai bayan la'asar muka gama. Hirarsa ta WhatsApp ta haye duka har da muryoyin bashin, lambobi suka sauko, na sa shi ya rubuta imel biyun, na Gmail da na akawun ɗin iPhone, da faswod ɗinsu a takarda da hannunsa ya kai ɗaka ya ajiye wurin takardun gona. Ya so ya ba ƙaninsa Tecno ɗin a daren, na ce ya riƙe ta sati biyu tukuna har ya tabbatar ba abin da ya rage a ciki, ranar da zai bayar kuma ya kawo mu cire Gmail ɗinsa kafin a goge. Jiya ya leƙo karɓar caji ya ce ya fasa bayarwa ma, layinsa na biyu da memorin karatunsa suna ciki, kuma ita yake ɗauka in zai shiga kara.