Mene ne Lp-PLA2 da ake aunawa a jini?

Lp-PLA2 sinadari ne daga cikin waɗanda masana ke kira enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta wani aiki a jiki. Fararen ƙwayoyin jini ne ke samar da shi, musamman waɗanda ke taruwa a bangon jijiya inda kitse ya daskare. Da ya shiga jini, mafi yawansa yana manne da LDL, kolestarol ɗin da ake kira mugu.

Abin da ya ja hankalin likitocin zuciya gare shi shi ne aikinsa a cikin daskararren kitsen nan. Yana farfasa kitsen da ya lalace, abin da ke fita kuma ya ƙara hura kumburi a bangon jijiyar. Kitsen da kumburi ya ci shi ne mai saurin fashewa, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. A 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwajin PLAC don auna Lp-PLA2 a jini. A 2010 wani babban nazari a mujallar Lancet, na mutane kusan 79,000, ya nuna cewa masu yawan sinadarin sun fi fuskantar haɗari.

Sai aka ce to, a rage shi da magani mana. Kamfanin GlaxoSmithKline ya ƙera darapladib, aka gwada shi a manyan gwaje-gwaje biyu, STABILITY da SOLID-TIMI 52, kan mutane kusan 29,000. Sakamakon 2014 ya ba mutane mamaki: maganin ya danne sinadarin sosai, amma bai rage bugun zuciya yadda aka sa rai ba. A nawa ganin, nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya. Hayaƙi yana nuna akwai wuta, amma kore hayaƙi bai kashe ta.

Lp-PLA2 yana da ɗan'uwa a nuna kumburi da ya fi shi suna, CRP, wanda hanta ke samarwa, ana auna shi da gwajin hs-CRP, ko da yake shi ba enzayim ba ne. Ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙaramin haɗari, sama da 3 babba. Matsalarsa a wurarenmu ita ce zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon haƙori ma, na iya cilla shi sama, don haka ba a auna shi don zuciya alhali mutum yana jinya.

Waɗannan gwaje-gwaje sun fi amfani ga wanda haɗarinsa ke tsaka-tsaki, likita yana tantama ko ya fara masa maganin statin mai rage kolestarol. Mai hawan jini, mai ciwon suga ko mai shan taba bai buƙatar jiran sakamakonsu kafin a fara kula da shi.