Binciken Sakamakon Jinya

Binciken sakamakon jinya reshe ne na binciken likitanci da ke bin diddigin abin da ya sami majinyata bayan an ba su magani, ko an yi musu tiyata, ko wata kulawa ta asibiti. Tambayoyinsa a fili suke: mutum nawa suka rayu, nawa suka warke, nawa ciwon ya dawo musu, nawa maganin ya yi wa illa, nawa suka iya komawa aikinsu da hidimar gidansu. Ana tattara amsoshin a lissafa, sannan a kwatanta wani rukuni da wani, domin a gane ko kulawar ce ta kawo sauƙin, ko kuwa da ma zai zo da kansa. Wannan kwatancen shi ne ƙashin bayan fannin. Cututtuka da yawa suna warkewa ko ba a sha komai ba, kuma likita, kamar kowane ɗan Adam, ya fi tuna waɗanda suka miƙe a hannunsa fiye da waɗanda aka sallama ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Asalinsa

Tunanin kwatanta rukuni biyu ya daɗe. Abubakar al-Razi, likitan da ya yi aiki a birnin Rayyu na ƙasar Farisa da kuma Bagadaza kuma ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta cewa ya tsaga wa wasu masu alamun sanƙarau jijiya ya zubar da jini, ya kuma bar wasu da gangan don ya ga bambanci. A 1747 James Lind, likitan jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke kumbura dasashi ta sa shi zubar jini, wadda yanzu aka san ƙarancin bitamin C ke kawo ta. Ya raba su bibbiyu, kowane kashi da abin da aka ba shi. Biyun da suka sami lemo da lemon tsami su ne suka fara farfaɗowa. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwan ta fara raba wa matuƙa ruwan lemon tsami a kai a kai.

Wanda ya ɗauki bibiyar majinyaci a matsayin aikin da ya wajaba a kan kowane asibiti shi ne Ernest Codman, likitan tiyata a birnin Boston na Amurka. Kowane majinyaci nasa yana da kati: abin da ya kawo shi, cutar da aka ce yana da ita, aikin da aka yi masa, matsalar da ta biyo baya, da halin da yake ciki bayan shekara guda. In abin bai yi kyau ba, sai a rubuta dalili, ko kuskuren hannu ne, ko na gane cuta, ko rashin kayan aiki. Abokan aikinsa ba su ji daɗin wannan ba, har ta kai ya ajiye muƙaminsa a babban asibitin da yake aiki a 1914. A ƙaramin asibitin da ya buɗe da kansa, ya buga sakamakon majinyata 337 da aka sallama tsakanin 1911 da 1916, ya kuma lissafa kurakurai 123 a cikinsu. Likita ya fito da kuskurensa bainar jama'a da hannunsa, wannan jarumta ce da har yau ba kowa ke iya ta ba.

Gwajin da aka fi ɗauka a matsayin mafarin tsarin zamani shi ne na maganin streptomycin kan tarin fuka, wanda Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta buga a 1948 bisa tsarin masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill. Majinyata 107 ne, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Cikin wata shida, 4 daga 55 da suka sami maganin suka rasu, a ɗaya rukunin kuwa 14 daga 52.

Abin da ake aunawa

A 1966 Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya kasa ingancin kulawa gida uku: abin da asibiti ke da shi na gini da kaya da ma'aikata, abin da ake yi wa majinyaci, da abin da ya same shi a ƙarshe. Kason na uku shi ne filin wannan bincike. Mafi saukin ƙirgawa shi ne mutuwa, yawanci cikin wani ƙayyadadden lokaci, kamar kwana 28 ko 30, ko shekara 5 ga masu ciwon daji. Sai sake kwantar da mutum bayan sallama, ruɓewar wurin tiyata, tsawon zaman asibiti, da naƙasa. Daga baya aka ƙara abin da majinyaci ke faɗa da bakinsa, ta takardun tambayoyi irin su SF-36 da EQ-5D: yana iya tafiya, yana iya wanka da kansa, ciwo na hana shi barci, damuwa ta yi masa yawa? Hoton ƙugun da aka yi wa aiki yana iya fitowa tsaf alhali mai shi ba ya iya durƙusawa.

Akwai kuma ma'aunin da ake sakawa a madadin ainihin sakamako, kamar awon hawan jini, yawan suga, ko girman ƙari a hoto. Yana da arha kuma yana fitowa da wuri, shi ya sa ake son sa, amma yana iya yaudara. Likitocin zuciya sun san cewa waɗanda suka tsira daga bugun zuciya, in zuciyar na yawan tsallen da ba a kan ƙa'ida ba, sun fi fuskantar mutuwar farat ɗaya. Magungunan encainide da flecainide suna daidaita wannan tsallen, kuma ana ganin haka ƙarara a takardar awon zuciya, saboda haka aka yi ta rubuta su. Da aka gwada su a binciken CAST a Amurka, sai aka dakatar da ba da su a 1989: mutum 56 daga 730 da suka sha su sun mutu, a rukunin da aka ba ƙwayar da ba ta ɗauke da magani kuwa 22 daga 725.

Hanyoyin bincike

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce gwaji ta ƙuri'a. Ba likita ke zaɓar wanda zai sami sabon magani ba, kwamfuta ce ko ambulan da aka liƙe tun farko. Da haka tsofaffi da matasa, masu tsananin ciwo da masu dama-dama, duk suna rarrabuwa daidai a rukunan biyu, har da bambance-bambancen da ba wanda ya san da su. In zai yiwu, ana ɓoye wa majinyaci da likita wanda ya sami me, saboda tsammani kaɗai yana canza yadda mutum ke jin jikinsa da yadda likita ke duba shi.

Ba kowace tambaya ake iya amsawa da ƙuri'a ba. Ba za a sa wasu su sha taba don a ga ƙarshensu ba, kuma illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma ba ta cika bayyana a ƙaramin gwaji ba. A nan sai a koma binciken lura: a bi rukunin mutane shekara da shekaru, ko a duba rajistar masu wata cuta, ko fayilolin asibiti da na inshora. Rauninsa shi ne waɗanda suka sami wani magani sau da yawa sun bambanta da sauran tun kafin su sha shi. An daɗe ana ganin matan da ke shan ƙwayoyin sinadaran mata bayan ɗaukewar al'ada sun fi tsira daga ciwon zuciya. Gwaji ta ƙuri'a kan mata 16,608 a Amurka, wanda aka tsayar a 2002, ya nuna haɗin ƙwayoyin da aka gwada yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama. Da ma matan da ke shan su sun fi wadata da kula da lafiyarsu. Irin wannan matsala ce ke tasowa wajen kwatanta asibitoci: wanda ake tura wa majinyatan da suka gagari sauran dole mace-macensa su fi yawa, don haka ana gyara lissafin bisa shekaru da tsananin ciwo kafin a yanke hukunci.

Gwaje-gwajen da suka canza jinya

A 2010 aka buga binciken AQUAMAT kan yara 5,425 masu tsananin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka 9. Cikin waɗanda aka yi wa allurar artesunate kashi 8.5 cikin ɗari suka rasu, masu kwinin kuwa kashi 10.9. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba. Waɗannan alƙaluman suna koyar da yadda ake karanta sakamako. Ana iya cewa mace-mace sun ragu da kashi 22.5 cikin ɗari, ana kuma iya cewa an ceci yara 24 cikin kowane dubu, wato kusan rai ɗaya a duk yara 41 da aka canza wa magani. Duka gaskiya ne, sai dai na farko ya fi cika kunne, na biyun ya fi amfani ga mai tsara sayen magani.

Binciken FEAST kuwa ya girgiza waɗanda suka gudanar da shi kansu. An yi shi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ƙarƙashin Kathryn Maitland, kan yara 3,141 da aka kawo da zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa sosai. Koyarwar da aka saba ita ce a ɗura musu ƙarin ruwa mai yawa cikin gaggawa. Kuma a bakin gado abin yana kama da nasara: yaron da aka kawo ƙafafu sun yi sanyi, bugun jijiya da ƙyar ake jin sa, bayan awa guda sai jikin ya ɗumama, bugun ya dawo. Ma'aikatan jinya sun ga haka da idonsu sau da dama. Amma da aka ƙirga bayan awa 48, kusan kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, sauran kuwa kashi 7.3. An dakatar da gwajin a farkon 2011. Ya kamata a lura cewa ba a sa yara masu gudawa ko tamowa mai tsanani ko ƙuna a cikinsa ba, saboda haka sakamakon bai taɓa su ba. Ga yaron da gudawa ta tsotse, ƙarin ruwa ceton rai ne. Sanin waɗanda aka shigar da waɗanda aka cire wani ɓangare ne na karanta kowane bincike.

A lokacin annobar korona, gwajin RECOVERY na Birtaniya ya sanar a watan Yuni 2020 cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin ba. Gwajin ya kuma nuna hydroxychloroquine ba ya rage mutuwar waɗanda aka kwantar.

Haƙƙin majinyaci da bayyana sakamako

Dokokin fannin sun fito ne daga zalunci da aka yi. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan shari'ar likitocin Nazi. A binciken Tuskegee, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fatar Amurka da ciwon tunjere ba magani, har bayan samuwar fenisilin. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka yi wa gyara sau da yawa, ta tanadi cewa a yi wa mutum bayani ya gane, ya amince da kansa, kuma yana da ikon janyewa ba tare da an rage masa kulawa ba. Kwamitin ɗa'a ne ke duba tsarin kafin a fara, wani kwamiti mai zaman kansa kuma yana leƙa alƙaluman a tsakiyar aiki. Irin wannan kwamitin ne ya ba da shawarar tsayar da CAST da FEAST.

Sauran babbar matsala ita ce ɓoye sakamako. Binciken da ya nuna magani ya yi aiki ya fi saurin fitowa a mujalla, wanda bai nuna komai ba sai ya kwanta a durowa, alhali mutane sun ba da jikinsu don a sani. An buɗe rajistar gwaje-gwajen likitanci ta intanet mai suna ClinicalTrials.gov a 2000, kuma daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista tun farko ba, tare da bayyana sakamakon da za a auna, don kada a canza shi bayan an ga alƙaluma. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a saka sakamakon kowane gwaji a rajista cikin wata 12 da kammala shi, har da tsofaffin gwaje-gwajen da ba a taɓa bugawa ba.