Naɗin sarakunan Turai na dā da masu kwaikwayonsa yau: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan ana ta maimaita mini su, don haka ga amsoshin a wuri guda. A karanta kafin a sake tambaya.

Ɗora kambi a kan sarki, ai shi ne naɗin?

A'a. Na faɗa, na sake faɗa: shafa mai ne ginshiƙin bikin. Sarki zai yi rantsuwa, babban limamin coci ya shafa masa tsarkakakken mai, sannan a ba shi takobi da zobe da sanda, kambi ya biyo baya. Tsarin da Dunstan, babban limamin cocin Canterbury, ya bi wajen naɗa Sarki Edgar a garin Bath a 973 shi ne tushen abin da Ingila ke yi har yau.

Bikin Sarki Charles III na 2023 kwaikwayo ne?

Haba! Naɗi ne na gaskiya, a cocin Westminster inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066.

To kambin da ya sa, na zamanin dā ne?

Na 1661 ne. An narkar da tsofaffin kayan sarautar a 1649 bayan an kashe Sarki Charles I. Cokalin zuba mai na ƙarni na 12 dai ya tsira.

Za mu yi wasan kwaikwayon naɗin a makaranta. Mu nuna shafa man ko mu tsallake?

Wannan kam sai an yi tunani, ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa. In kun tsallake shi gaba ɗaya, kun koya wa yara ƙarya, don za su ɗauka kambi ne ya mai da mutum sarki. Faransawa sun ɗauki man nan da girma ƙwarai, suna cewa daga sama aka saukar da kwalbarsa da ke garin Reims a lokacin. Amma kuma ibada ce ga Kiristoci, kuma a cikin masu kallonku ana iya samun wanda zai ji an yi wasa da addininsa, ko iyayen da ba za su so ɗansu ya fito a matsayin limamin coci ba. Abin da na fi gani da dacewa, in dai yanayinku ya ba da dama, shi ne a ja labule a kare sarkin, mai ba da labari ya bayyana abin da ke faruwa a ciki. Ko a 2023 an kange wurin daga idon jama'a da kyamarori, saboda haka ba ku kauce wa al'adar ba. Duk da haka ku tuntuɓi iyaye tukuna, kuma kada a karanta addu'o'in na ainihi sai da yardar waɗanda abin ya shafa.

A ina ake kwaikwayon sosai?

Reims, a Faransa. Kowace shekara ana bikin tunawa da Jeanne d'Arc, jarumar da ta raka Sarki Charles VII zuwa garin, ana sake yin jerin gwanon naɗinsa na 1429 da kayan zamanin.

Ba mu da kuɗin kaya masu tsada, mu haƙura?

Kada ku haƙura. Kwali da takarda mai ƙyalli sun isa yin kambi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a birkita jerin: rantsuwa, mai, sannan kambi. Wannan ba ya cin ko sisi.